Kallo Daban, Koyo Daban: Nasiha Ga Ƴaƴan Arewa Masu Neman Ingilishi A Fim

Ƴaƴana da jikokina na Dogon Dutsi da Tibiri, samari da ƴammata:

Tun da aka sa hannu a kundin sake gina ƙasa na Nijar a watan Maris na 2025, wanda ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki, hirarku ta sauya. A fada, a bakin tasha, a ƙofar lise, kowa Ingilishi yake nema. In aka tarar da yaro ya duƙufa a kan salula har tsakar dare aka yi masa magana, amsarsa a shirye take: "Baba, Ingilishi nake koyo." Ba faɗa na zo yi muku ba. Fim hanya ce ta koyon harshe, hanya mai kyau ma kuwa, ta fi allon baƙi da alli daɗin bi. Sai dai mafi yawanku kallo kawai kuke yi, kuna kiransa koyo. Wannan ne ya sa na ɗauki bik.

Ku fara sanin cewa Ingilishi ba baƙo ba ne a ƙasar Arewa. A yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898, iyakar da suka shata tsakiyar Dallol Mawri ta biyo, har ta haɗu da wani da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato. Sai a 1904 da 1906 aka sake jan layin, aka tura shi kudu, don Faransawa su samu hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Da ba a yi wannan gyara ba, da yawanku yau da Ingilishi za ku fara lakwal, kamar ƴan'uwanku na Kangiwa. Dangi ɗaya ne, kaka ɗaya, wani na cewa bonjur, wani na cewa gudmonin. Duk wanda ya taɓa kai wake ko dabba kasuwar Kamba, ko ya raka mara lafiya asibiti a Birnin Kabi, ko ya nemi gurbin karatu a Sakkwato, ya san inda rashin harshen nan ke tsaida mutum: ba a ciniki ba, don ciniki da Hausa ake yi, a takarda ne.

To me fim zai iya yi muku, me kuma ba zai iya ba?

Akwai masana biyu, Stuart Webb da Michael Rodgers, da suka tattara maganganun finafinai 318 na Ingilishi suka ƙirga kalmominsu, suka fitar da sakamakon a 2009. Sun gano cewa wanda ya san tushen kalmomi 3,000 da aka fi amfani da su, haɗe da sunayen mutane da na wurare, ya san kimanin kashi 95 cikin 100 na abin da ake faɗa a fim. In yana son kashi 98, sai ya kai 6,000. Ku dakata a kan lissafin nan, don akwai albishir a cikinsa, akwai kuma gargaɗi. Albishir ɗin shi ne 3,000 ba wani abin tsoro ba ne. Yaron da ya haddace izu goma a makarantar allo ya ɗauki abin da ya fi wannan nauyi. Gargaɗin kuwa, ko da 3,000 ɗin a kanka, kalma ɗaya cikin kowace ashirin za ta wuce ka. Wanda bai kai dubu ba fa? Shi hoto yake kallo: an yi gudu, an yi harbi, an rungumi juna, ya gane labarin da ido, kunnensa bai ɗauki komai ba. In ya tashi sai ya ɗauka ya ji Ingilishi, alhali sautinsa kawai ya ji.

Ga kuma wata matsalar da ta fi wannan, wato fim ɗin da aka riga aka juya. Yawancin finafinan Amurka da ke zuwa mana ta tashoshin tauraron ɗan'adam da muryar Faransanci suke zuwa. Na Indiya kuwa ƴan Kano, irin su Algaita, sun mayar da su Hausa, har jarumin Mumbai na yin karin magana. Ina jin daɗinsu, ba zan ɓoye muku ba, wani lokaci mai fassarar ya fi marubucin fim ɗin iya zance. Amma ba a koyon Ingilishi a fim ɗin da aka cire masa Ingilishi. Ƙasashen Turai ma a nan suka rabu biyu. Holan da Suwidin da Norwe da Danmak ba su cika juya murya ba, suna barin maganar yadda take, su rubuta fassara a ƙasan allo, yaro ya tashi yana jin Ingilishi kullum a ɗakin uwarsa. Faransa da Italiya da Rasha kuwa juyawa suke yi. A Rasha, zamanin kaset ɗin bidiyo, mutum ɗaya ne ke karanta maganar kowa a kan muryoyin ƴan wasa, mace da namiji, yaro da babba. Wani mai suna Leonid Volodarsky ya yi suna a wannan aiki saboda muryarsa mai fita ta hanci. In aka jera ƙasashen Turai a iya Ingilishi, na farkon nan su ke kan gaba. Ba wannan kaɗai ne dalili ba, harsunansu ma dangin Ingilishi ne, amma yana cikin dalilai.

Na ambaci Rashawa da gangan, don tsakaninku da ɗalibin Mosko akwai wata dangantaka da ba ku sani ba. Kalmomin silima da wasan kwaikwayo na harshensu, da yawa daga Faransanci suka aro su. Allon silima ekran suke ce masa, haɗa hotuna montaj, lokacin nuna fim seyans, takardar talla afisha, juya murya dublaj. Ɗan Matankari da ya yi aji uku a kolej zai ji waɗannan kamar a gidansu. Saboda haka ramin da ɗan Rasha ke faɗawa in ya zo koyon Ingilishi, shi ne naku. Ku duka biyu za ku ce montage, Bature ɗan Ingila ya ce editing. Za ku ce affiche, ya ce poster. Wanda kuka sani da réalisateur shi ne director a wajensa. Mafi haɗari su ne kalmomin da suka yi kama amma ma'ana ta saɓa. A Faransanci comédien kowane ɗan wasa ne, ko da kuka yake sa mutane. A Ingilishi comedian mai barkwanci ne kawai, irin marigayi Ibro. Mutumin cikin labari, wanda kuka sani da personnage, shi ne character. In ka ce ka yi assist a wani wasa kana nufin ka halarta, za a ɗauka taimakawa ka yi wajen shirya shi. Irin waɗannan su ya kamata ku ware musu shafi na musamman, don su ba rashin sani ke kawo kuskurensu ba, sanin ne.

Kada wannan ya sa ku ga Faransancinku kamar kaya ne a ka. Tun da Normandawa suka ci Ingila a 1066, Faransanci ya kwarara cikin Ingilishi, har masana na ƙiyasta fiye da kwata na kalmominsa daga can suke. Theatre, culture, festival, portrait, costume, dialogue, duk naku ne tun kafin ku fara, furuci kawai za ku gyara. Kuna kuma da wata riba da ɗan Mosko ba shi da ita, wato Kano. Tun daga Turmin Danya a 1990 har zuwa Labarina da Daɗin Kowa, masana'antar Kannywood da kalmomin Ingilishi take aiki, kun kuma sha su da Hausa ba ku lura ba. Darakta, furodusa, kamara, fosta, sutudiyo, lokeshan: wa ya koya muku su a aji? Abin da ya rage ku ga yadda ake rubuta su a asalinsu. Mai Hausa da Faransanci da ya zo koyon Ingilishi ta ƙofa biyu yake shiga.

Yanzu ga yadda nake so ku yi, ba kuma sai da kuɗi ba.

Ku bar dogon fim tukuna. Ku ɗauki fitowa ɗaya, ta minti uku ko biyar, inda mutane ke zance irin na yau da kullum: uwa da ɗa a gida, mai saye da mai sayarwa, likita da mara lafiya. Ku kalle ta da farko ba rubutu, ku ga abin da kunne zai kama. Ku sake kallo da rubutun ƙasa na Ingilishi, ba na Faransanci ba, don ido ya nuna wa kunne inda kalma ta fara da inda ta ƙare. Wahalar Ingilishi ke nan, abin da aka rubuta daban, abin da baki ya faɗa daban. Sannan ku tsaida hoton, ku ɗauki kaye, ku rubuta. Kada ku rubuta kalma ita kaɗai tsirara, ku kwafe jimlar da ta zo ciki duka, da wanda ya faɗe ta, da halin da ya faɗe ta. Kalmar shoot a bakin soja harbi ce, a bakin darakta ɗaukar hoto ce. Cast na iya zama jerin ƴan wasa, na iya zama filastar da aka ɗaure karaya da ita. Jimla ce ke raba gardama. Daga nan ku rufe rubutun, ku bi bakin ɗan wasan kuna faɗa tare da shi, da ƙarfi, har harshenku ya saba. Za a yi muku dariya a gida. Ku bari a yi.

Kayen nan shi ne komai. Kun ga yadda ruwan sama ke sauka a kan fakon tudun Dutsi, ya gangare ya tafi, ƙasa ba ta sha ko kaɗan ba, sai inda aka haƙa rabin-wata ya tare shi. Haka kalmomin fim suke bi ta kan mai kallo, kaye ne ramin da ke tare su. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada a kansa ya buga a 1885 cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo, daga baya ta lafa, kuma maimaitawa da tazara ita ke karya ta. Malamanmu na allo sun riga shi sani, shi ya sa ake tilawa, ake kuma tushi. Abin da kuka rubuta yau ku duba shi gobe, ku sake bayan kwana uku, ku sake ranar kasuwa mai zuwa. Kalma biyar da suka zauna sun fi hamsin da suka kwana suka wuce.

Kada kuma ku yi shi ku kaɗai. Kuna da fada, kuna zaman shayi na awa biyu, uku, daga na ɗaci har zuwa na zaƙi. Ku ba Ingilishi kofi ɗaya daga ciki. Wani ya ba da labarin fitowar da ya kalla, wani ya tambaye shi wa ya fito, me ya faru, me ya sa bai ji daɗin ƙarshen ba. A nan kalmomi irin plot da scene da ending za su samu aikin yi. Harshen da ba a yi gardama da shi ba bai zama na mutum ba tukuna. Ku kuma ƴammata, na san ba ku da zaman fada, aikin gida ma bai bar muku lokaci kamar na ƴan'uwanku maza ba. Amma ku biyu ko uku a tsakar gida, bayan an sauke tukunya, salula ɗaya ta ishe ku. A shekarun da na yi ina koyarwa, kunnen ƴammata ya fi na samari saurin kama furuci, kunya ce kawai ke rufe musu baki. Iyaye kuma, in kun ga ɗiya da kaye a hannu tana maimaita magana, ku bar ta, karatu take yi.

Akwai zancen wane Ingilishi. Na finafinan kudancin Najeriya yakan gauraya da Burokin, wanda harshe ne mai zaman kansa, mai amfani ƙwarai a tasha da kasuwa, har BBC ta buɗe masa sashe a 2017. Ku koye shi in kuna so, amma ku san shi ne, kada ku kai shi takardar BEPC ko ta BAC. Rubutun ƙasa na finafinan Kano kuwa, a yi hattara: wasu an yi su da kyau, wasu kuma an yi su cikin gaggawa, kuskure a kusan kowane layi. In kun yi shakka, ku kai wa mushenku na kolej ya duba, matambayi ba ya ɓata. Finafinan Amurka kuwa su ne suka fi buƙatar tankaɗe. Kalmomin da suka fi saurin maƙalewa a kunnen yaro su ne ashar, don su ake faɗa da ƙarfi, su ake maimaitawa. Yaro ya jefa wa baƙo kalmar da ya tsinta a fim ɗin ƴan daba, yana zaton gaisuwa ce ta wayewa, ya zubar da mutuncin gidansu bai sani ba. Kafin ku ɗauki kalma ku duba bakin da ta fito da wanda aka faɗa wa. Abin da ba za ku iya kallo kakarku na zaune ba, ba darasi ba ne, ko da wane harshe aka yi shi.

Mustafa Alasan, wanda ya yi zamansa a Tawa, ya hango wannan tun 1966. A fim ɗinsa Le Retour d'un aventurier, wani saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa huluna da takalma da bindigogi. Suka ɗauki sunayen jaruman silima, suka hau dawaki, suka addabi garinsu. Abin dariya ne, amma dariyar mai ciwo ce. Sun ɗauko hula da suna, ba su ɗauko komai na ilimin da ya ƙera kamarar da ta nuna musu kaboyin ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Shi kuwa Alasan kamarar ya ɗauko, har ya zama cikin na farkon masu yin fim ɗin zane a Afirka. Umaru Ganda ma haka: ɗan dako ne a tashar jirgin ruwan Abijan lokacin da Jean Rouch ya sa shi a fim, bai tsaya a gaban kamara ba, ya koma bayanta, ya zama mutum na farko da ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu a 1972.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, wanda kuma saboda shi nake so ku san kalmomin sana'ar fim, ba na hira kawai ba.

Labarin da ya fi kowane fita duniya daga ƙasar nan shi ne na Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899. Abdullahi Mamani ya rubuta shi da Faransanci a 1980. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mayar da shi fim a 1986, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Fim ne mai girma, Allah ya saka masa. Amma a Burkina Faso aka ɗauke shi, Aï Keïta ce ta fito a Sarauniya, kuma ba da Hausar Arewa Sarauniyar take magana ba. (Shi Med Hondo ɗin, abin mamaki, da juya murya ya riƙa samun na abinci: muryar Eddie Murphy da kuka ji a Faransanci a yawancin finafinansa tasa ce.) Tarihin Mawri kuwa Marc-Henri Piault ya rubuta shi da Faransanci a 1970. Adeline Masquelier, malama a jami'ar Tulane ta Amurka, ta zauna a Dogon Dutsi, ta yi littafi a kan bori a 2001, wani a kan mata da addini a 2009, wani kuma a 2019 a kan zaman fadar nan taku. Duka da Ingilishi ta rubuta su. Ɗalibai a Amurka da Ingila suna karanta yadda kuke dafa shayi da abin da kuke faɗa in an zauna, ku kuwa ba ku san me aka ce a kanku ba, balle ku ce an yi daidai ko an yi kuskure. Ban ga laifin marubutan ba, aikinsu suka yi.

Kada ku ɗauka ina cewa ku yi fim da Ingilishi. A 2019 hukumar kyautar Oscar ta fitar da Lionheart, fim ɗin Genevieve Nnaji ta Najeriya, daga rukunin finafinan ƙasashen waje, saboda yawancin maganarsa Ingilishi ce. Ƙa'idar rukunin ita ce magana da wani harshe, fassarar Ingilishi a ƙasa. Haka Nijar ta aika Zin'naariya ta Rahmatu Keita a 2018, Najeriya kuma ta aika Mai Martaba, fim ɗin Hausa, a 2024. Abin da duniya ke nema a wajenku Hausar Arewa ce a baki, da irin lafazinta, Ingilishi mai tsabta a ƙasan allo, da kuma mutumin da zai iya cika takardar shiga gasa, ya rubuta taƙaitaccen labarin fim ɗin a sakin layi ɗaya, ya amsa wasiƙa in an rubuto. Waɗannan ayyuka ne da ake biyan kuɗi a kansu, masu iya su da Hausa da Faransanci da Ingilishi gaba ɗaya kuma ba su da yawa.

Saboda haka in kayenku ya fara cika, ga aikin da zan ba ku. Ku je wajen wata tsohuwa a Bagaji ko Geceme ko Kore Mairuwa, ku gaishe ta yadda ya kamata, ku nemi izininta, ku ɗauki tatsuniya ɗaya ta minti uku da salula. Ko kirarin ɗan kokawa, ko bayanin maƙeri a kan yadda ake fitar da hauya. Ku rubuta maganar da Hausa tukuna, kalma da kalma, yadda ta faɗe ta, kada ku gyara mata zuwa Hausar rediyo. Sannan ku fassara layi-layi, kowane layi gajere yadda ido zai karanta kafin hoto ya wuce. Za ku tarar da wuraren da Ingilishinku ya ƙare, ku koma ƙamus. Za ku kuma tarar da kalmomin kakarku da ku kanku ba ku san ma'anarsu ba, waɗannan ita za ku koma ku tambaya, ku tafi mata da goro.